A gaɓar tekun Alentejo na ga Turai wadda ba ta kantuna ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Hausawa muka ɗauki hutu a ƙasashen Turai. In ka ji mutuminmu ya ce zai je hutu Turai, to Landan ce ko Paris, kuma labarin da zai dawo da shi na kantuna ne da turare da takalma. Mu da muke zaune a nan ma haka abin yake. Ni mutumin ƙasar Daura ne, ina zaune da iyalina a Brussels ta ƙasar Beljiyam, sana'ata tuƙin motar rarraba kaya. Cikin abokan zamana akwai waɗanda suka haura shekara goma a wannan nahiya ba su taɓa kwana a ƙauyen Bature ba. Daga aiki sai gida. In an samu dogon hutu a ɗaure kaya a nufi gida, kuma wannan zumunci ne, ba mai kushe shi. Sai dai kowa ya san zuwa gida ba hutawa ba ne: gaisuwa, ta'aziyya, biki, sasanta 'yan'uwa, duba gini. Mutum ya dawo jiki a mace, aljihu a bushe, washegari ya koma bakin aiki.

Shi ya sa nake so in ba 'yan'uwa labarin wani yanki da muka je ni da maiɗakina da yara, gaɓar tekun Alentejo a kudu maso yammacin Fotugal. Wurin ya hutar da mu ƙwarai, kuma ya nuna mini wata Turai wadda ba ita ake turo wa matasanmu a waya ba.

Zuwa ba wuya. Wanda ke da takardar zama a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, ba ya bukatar biza. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar kuwa sai ya nemi bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun shekarar 2024. Jirgi zai sauke ka a Lisbon, babban birnin ƙasar. Daga tashar Sete Rios akwai manyan motocin Rede Expressos da ke gangarawa kudu, cikin awa uku da wani abu kana Vila Nova de Milfontes, wani ƙaramin gari mai fararen gidaje a daidai inda kogin Mira ke shiga Tekun Atlantika. Babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, ba shi da nisa da tashar, don haka kana iya yin sallarka a tsanake kafin ka hau mota. Mai iyali dai gara ya ɗauki hayar mota, domin tsakanin ƙauyukan motocin haya ba su da yawa, musamman Asabar da Lahadi.

Babban sashe na wannan gaɓa yana ƙarƙashin gundumar Odemira, wadda ta fi kowace gunduma faɗi a Fotugal, fiye da murabba'in kilomita 1,700, amma mutanenta 'yan kaɗan ne. A 1995 gwamnati ta mayar da gaɓar gandun da doka ke karewa, tun daga kudancin garin Sines har cikin yankin Algarve da ke ƙarshen kudancin ƙasar, tsawon fiye da kilomita 100. Wannan doka ce ta hana a cika bakin tekun da dogayen otal-otal kamar yadda aka yi a kudancin Algarve. Kana iya tafiyar awa guda a ƙafa a kan duwatsun gaɓa ba ka haɗu da kowa ba sai mai kamun kifi ɗaya da sandarsa. Akwai hanyoyin ƙafa da aka shata aka sa musu alamomin fenti, ana kiransu Rota Vicentina, an buɗe su a 2012. Guda tana bin sawun masunta a bakin teku, cikin rairayi mai gajiyar da ƙafa, ɗayar kuma tana ratsa gonaki da ƙauyuka ta ciki.

In ka bar teku ka nausa ciki kaɗan da rani, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, itatuwa jefi-jefi, tumaki sun taru a inuwa, sai ka rantse kana hanyar Daura zuwa Zango ne a watan Maris. Ɗan manomi ba zai ji baƙunta a wurin ba.

Itacen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda suke kira sobreiro, wanda daga ɓawonsa ake yin toshiyar kwalba. Kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi na wannan ɓawo daga Fotugal yake fitowa. Gaskiya babban cinikinsa na toshe kwalaben giya ne, amma ana yin daɓen ɗaki da takalma da jakunkuna, ana kuma sa shi a bango don tare zafi da sanyi. Wata safiya muka tarar ana sassaƙar ɓawon a gefen hanya, na tsayar da mota. Maza ne manya, biyu-biyu a gindin kowane itace, kowa da gatari mai faɗin baki. Mutum zai sari ɓawon a tsaye daga sama zuwa ƙasa, sara mai auna, ya juya ƙotar gatarin wadda aka fiƙe bakinta ya cusa a tsagar ya banƙare. Sai ka ji wata ƙara, ɓawon ya taso guda, wani ya kai tsawon ƙofar ɗaki. Jikin itacen ya fito fes, ruwan ɗorawa, daga baya ya rikiɗe ya yi ja. Gwanintar ita ce bakin gatari kada ya taɓa naman itacen, don in ya ji rauni wurin ba zai sake yin ɓawo mai kyau ba. Wata mata tana biye da su da gwangwanin farin fenti tana rubuta lamba ɗaya a jikin kowane itace, lambar ƙarshe ta shekarar da ake ciki. Doka ta ce ba za a sake taɓa shi ba sai bayan shekara tara. Itacen kuma sai ya kai kimanin shekara 25 kafin a yi masa sassaƙar farko, wadda ma ba ta da wata daraja. Wanda ya dasa, 'ya'yansa da jikokinsa ne za su ci moriyar. Ba a sare shi sai da izinin hukuma, kuma a 2011 majalisar ƙasar ta ayyana shi a matsayin itacen ƙasa. Na daɗe a tsaye ina kallo, raina yana sosuwa da tunanin yadda gawayi ke cinye mana kirya da marke ba mai cewa uffan.

Yara kuwa tsuntsaye ne suka tafi da su. A Cabo Sardão, inda akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wani farin jinsin shamuwa mai jan baki yana yin sheƙa a kan tsinin duwatsu, teku na dukan gindinsu da ƙarfi. Mutanen wurin na cewa ba inda wannan tsuntsu ke sheƙa a kan dutsen teku sai gaɓarsu. Irinsa ne ke ƙetare Sahara ya sauka a ƙasashenmu in hunturu ya shigo Turai, ko da yake yanzu da yawa sun daina tafiyar. Mai son ganin 'ya'yan a sheƙa ya zo tsakanin Afrilu da Yuni. A riƙe hannun yara da kyau, don wurare da yawa ba shinge, kuma iska na da ƙarfi.

Maganar teku ina so a saurare ni da kyau, domin mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya ruwa ba. Wannan teku ba gulbi ba ne. Ko a tsakiyar bazararsu ruwan sanyi ƙarara ne, kuma akwai igiyar da ke jan mutum ciki ko da ruwan iya ƙugu ya tsaya. Suna kafa tuta a bakin ruwa: kore a shiga, ruwan ɗorawa a jiƙa ƙafa kawai ban da iyo, ja kada a kusanta. Masu ceto suna nan ne kawai a lokacin da hukuma ta buɗe kakar wanka, kuma ba a kowane bakin ruwa ba. Mu mun fi zama a Praia da Franquia, ta ɓangaren kogi a Milfontes, inda ruwan ke kwance, sai kuma Odeceixe, inda ƙaramin kogin Seixe ya zagaye rairayi kafin ya faɗa teku, yara suna wasa ta bayan ba fargaba. Lambar neman agaji 112 ce.

Akwai kuma batun sutura, wanda magidanci Musulmi dole ya yi tunaninsa. Turawa a bakin ruwa ba sa rufe jiki, kowa ya sani. Bayan haka akwai wuraren da hukuma ta ware wa masu wanka tsirara, kamar Salto kusa da Porto Covo, da Alteirinhos kusa da Zambujeira do Mar, da Adegas a gefen Odeceixe. A san sunayen don a kauce. Mu da sassafe muke fita, lokacin ba kowa sai masunta, rana na ɗagawa mu koma masauki, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Maiɗakina da hijabinta ta yi yawonta, ba wanda ya ko ɗaga mata gira. Tsofaffin matan ƙauyen ma da yawa da ɗankwali suke yawo.

Gidan da muka kama haya na wata dattijuwa ne, a bayan gari, tana zaune a sashe ɗaya ta bayar da ɗayan. 'Ya'yanta duk sun tafi, wani Lisbon, wata Faransa, kuma da ɗan Faransancin da ta tsinta a wurinsu muke fahimtar juna. Kullum da safe za mu tarar da ƙwai ko lemon tsami ko tumatir a bakin taga. Da ta gane ba ma cin alade, ita da kanta ta zaunar da mu ta lissafa mana inda yake ɓuya: cikin miyar ganye da suke jefa wa yankan tsiran alade, cikin wake, cikin wasu kayan zaƙi da ake yi da kitsensa. Wannan gargaɗi ya yi mana rana, domin Alentejo ƙasar alade ce, har abincin da suka fi alfahari da shi naman alade ne da aka haɗa da ƙumbar teku. A gidan abinci ka ce "sem porco", wato ban da alade, ka kuma tambaya ko an zuba giya a girkin. Abin da ya fi sauƙi shi ne gasasshen kifi: sadin da danginsa, daga teku zuwa garwashi, gishiri kawai da man zaitun, da dafaffen dankalin Turawa a gefe. Ga burodinsu mai nauyi, ga cukun tumaki, ga zuma. A garin Aljezur kuma, can kudu cikin Algarve, dankalin Hausa suke nomawa a cikin rairayi, suna ji da shi har suna yi masa biki duk shekara wajen ƙarshen Nuwamba. Mu dai yawanci kasuwa muke zuwa mu sayo kifi maiɗakina ta yi mana miya, ya fi araha, hankali kuma ya fi kwanciya.

Dattijuwar nan ta ba ni labarin ƙuruciyarta, kuma na so a ce matasanmu sun ji. Iyayenta 'yan ƙodago ne a gonakin manyan masu ƙasa, ba su da ko taki ɗaya nasu. Ba takalmi ta tashi, makaranta kaɗan ta taɓa. Sai bayan juyin mulkin 25 ga Afrilu 1974, wanda ya kawar da mulkin kama-karya, ma'aikatan gona a Alentejo suka mamaye manyan gonaki suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa, daga baya kuma aka mayar da mafi yawan gonakin ga masu su. Yau ƙauyukan ciki tsofaffi ne suka rage, makarantun firamare da yawa an rufe don ba yara.

Ta fuskar addini akwai abin da ya girgiza ni. Musulmi sun shiga wannan yanki na Andalus, wato Sifen da Fotugal na yau, a shekarar 711, kuma kudancin Fotugal bai fita hannunsu gaba ɗaya ba sai 1249. A kan tudun Aljezur akwai kufan ganuwar da suka gina. Kusa da nan, a wani tsinin dutse da ake kira Ponta da Atalaia, masu tonon tarihi sun gano a 2001 kufan wani ribaɗi, wato mazaunin ibada da tsaron iyaka, na wani shehin Sufaye mai suna Ibn Qasi, wanda ya rayu a ƙarni na 12 aka kashe shi a garin Silves a 1151. Abin da ya rage harsashin gini ne kawai, iya gwiwa, amma kana ganin ƙananan masallatai a jere, kowanne da ɗan lungun mihrabinsa. Na duba alƙibla a wayata, ta zo kusan daidai da inda suka fuskanta, teku a bayanka. Babban ɗana ya ce, "Baba, a nan ma an yi kiran salla?" Na ce masa an yi, shekaru ɗaruruwa. Mai lokaci ya ƙarasa Mértola can ciki a bakin kogin Guadiana, inda babban cocin garin asalinsa masallaci ne, mihrabin na nan har gobe. Wani sauƙi kuma, da bazara agogon Fotugal daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai dai a watan Yuni magariba kan kai wajen ƙarfe tara.

Hanyar masuntan nan a garin Lagos na Algarve (ba Legas ta Najeriya ba) take ƙarewa, kuma duk ɗan Afirka ya kamata ya taka wurin. A nan ne a 1444 aka sauke mutane fiye da 200 da aka kamo daga gaɓar Afirka ta Yamma aka raba su a fili, uwa daban ɗa daban. A 2009, garin haƙa wurin ajiye motoci, aka tono ƙasusuwan bayi 'yan Afirka 158 a wani tsohon juji a bayan ganuwar garin, wasu da alamar an ɗaure musu hannu. Akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi a dandalin garin. Masu yawon buɗe ido na wucewa ta gabansa da askirim a hannu. Mu mun shiga, mun yi musu addu'a.

Edita, babban dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da zan faɗa yanzu. Tsakanin Milfontes da São Teotónio, in ka kauce daga hanyar masu yawo, za ka ga rumfunan leda farare sun shimfiɗu iya ganinka. A ciki ake noman ƙananan 'ya'yan itacen nan ja da shuɗi da ake sayarwa cikin 'yan robobi a manyan kantunan Jamus da Ingila da Beljiyam, irin waɗanda ni kaina nake ɗauka a motata. Ruwan da ake ba su daga madatsar Santa Clara yake zuwa, wadda aka gina a kan kogin Mira a ƙarshen shekarun 1960. Shekarun fari sun janye ruwan madatsar ƙwarai, har aka riƙa rage wa manoma kaso, kuma ƙananan manoma irin dattijuwarmu su ne ke kukan an fi tauye su. A watan Agustan 2023 gobarar daji ta tashi kusa da São Teotónio ta ci dubban hektoci, aka kwashe mutane daga gidajensu.

Masu tsinkar 'ya'yan itacen kuwa yawancinsu ba 'yan ƙasar ba ne. Akasari mutanen Nepal ne da Indiya da Bangladesh. Da asuba za ka gan su a gefen titi a ƙafa ko a keke, da yamma kuma sun yi cincirindo a dandalin gari kowa da waya a kunne. A 2021, lokacin korona, gwamnati ta killace unguwanni biyu na gundumar Odemira, São Teotónio da Longueira-Almograve, kuma a nan ne asiri ya tonu ga duk ƙasar: ana cusa mutane da yawa a gida ɗaya, kowa na biyan kuɗin katifa. Firaministan lokacin, António Costa, da bakinsa ya amsa cewa wannan cunkoso take haƙƙin ɗan Adam ne.

Na shiga wani shagon 'yan Bangladesh neman naman halal, na yi sallama, wani saurayi da ke zaune kan buhun shinkafa ya amsa da fara'a. Muka taɓa hira da guntun Turanci. Ya nuna mini hannuwansa, yatsun duk sun yi kanta, ƙaya ta zane su. Ya ce mahaifinsa gona ya sayar aka biya dillalin da ya kawo shi. In kaka ta yi akwai aiki har ya fi ƙarfinsa, cikin zafin leda, in ta wuce sai zaman jira, haya kuwa ba ta jira. Ba kai-tsaye gonar ta ɗauke shi ba, wani ɗan kwangila ne a tsakani, shi ke biyansa bayan ya zare kuɗin ɗaki da na mota. Abin da ya riƙe shi kawai begen samun takardar zama. Na tambaye shi ko mutanen gida sun san halin da yake ciki. Ya girgiza kai, ya ce hoton bakin teku yake tura musu.

Ban faɗi wannan don in hana kowa zuwa hutu ba. Ku je, a watan Mayu ko Yuni ko Satumba, lokacin da haya ke da sauƙi kuma ba cunkoso, ku kauce wa Agusta da duk Lisbon ke kwararowa. Ku kama ɗaki a hannun mutanen gari, ku yi cefane a kasuwarsu, ku yi tattalin ruwa a masauki, ku yi wa 'yan'uwan nan na gona sallama in kun haɗu. Ku kai yara su ga cewa Bature ma yana noma, yana kiwo, yana duban sama yana jiran hadari.

Ga ƙannenmu na gida kuma, waɗanda ake yi wa tallar aikin gona a Fotugal ta Facebook da WhatsApp: ƙofar da mutane suka riƙa bi a da, su shiga da bizar yawo sannan su nemi takarda daga ciki, gwamnatin ƙasar ta rufe ta a watan Yunin 2024. Yanzu sai da bizar aiki daga ofishin jakadanci tun kafin a taso. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai shigar da ku a gyara daga baya, ku tambaye shi sunan gonar da za ta ɗauke ku, ku ce ya nuna takardar kwangila, ku tambayi watanni nawa ne aikin a shekara, mutum nawa ne a ɗaki, kuma nawa za a zare kafin albashi ya iso hannunku. In ya fara kame-kame, kada a sayar da gonar gado saboda shi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum,
daga Brussels, Beljiyam